Haila da Wasan Guje-guje: Magana ga Iyayen 'Yammata

Jama'a, wannan takarda taku ce, ku masu 'ya'ya mata a makaranta. Maigida, in kai ne mai karatu a gidan, ka daure ka karanta wa uwargida, ko kuwa ka ba wata mai karatu ta karanta mata a cikin ɗaki. Mun san magana ce wadda a ke jin nauyinta. Amma abin da ya shafi lafiyar ɗiyarku bai kamata kunya ta binne shi ba.

Kowace shekara makarantu su kan shirya gasar guje-guje da tsalle-tsalle. A kan zaɓi yarinya mai sauri, a yi ta koya mata har wata biyu ko uku, ran nan sai ranar gasa ta faɗo daidai da kwanakin al'adarta. To, me za a yi? Wata uwar ta kan ce, zauna gida, mace mai fashin salla ba ta tsalle. Wata yarinyar ba ta ko gaya wa kowa, sai ta ce kanta ke ciwo, ta koma gindin itace tana kallon 'yan'uwanta. Wata kuwa daga ran nan ta bar wasa ke nan har abada.

Amsar likitoci ba ta da tsawo. Haila lafiyayya ba ta hana gudu, ba ta hana ƙwallo, kamar yadda ba ta hana ke uwargida daka, ko ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 daga rijiya. Abubuwan da ke kayar da yarinya mai wasa uku ne: ciwon mara mai tsanani, da ƙarancin jini, da rashin isasshen abinci wanda ke ɗauke al'adar gaba ɗaya. Na ƙarshen nan shi ya fi haɗari, shi ne kuwa mutane ba su cika kula da shi ba.

Yadda abin ya ke a cikin jiki

Kowane wata mahaifa ta kan yi wa kanta shimfiɗa mai taushi daga ciki, domin ko ciki zai shiga. In bai shiga ba, sai shimfiɗar ta saɓule ta fito tare da jini. Wannan ita ce haila. Ba ciwo ba ce, ba kuwa wani mugun jini ne jiki ke zubarwa ba.

Daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da na gaba zai fara, galibi kwana 28 ne. Amma ga babbar mace ko ya zama kwana 21, ko ya kai 35, duk lafiya ne. Ga yarinyar da ba ta daɗe da farawa ba, har kwana 45 ba abin tsoro ba ne, gama a shekara biyun farko jiki bai gama daidaita ba. Jinin kansa ya kan yi kwana 2 zuwa 7. Yawancin 'yammata su kan fara suna da shekara 12 ko 13. Wadda ta cika 15 ba ta fara ba, a kai ta asibiti a duba.

Masu tafiyar da wannan aiki waɗansu sinadarai ne da jiki ke yi da kansa, suna yawo cikin jini kamar 'yan aike. Likitoci na ce musu homon. Biyu daga ciki su ne manya, istirojin da furojestaron. A kwanakin jini duka biyun suna ƙasa. Bayan jini ya ɗauke sai istirojin ya yi ta hawa, har ƙwai ya fito daga ma'ajinsa, watau kamar mako biyu kafin al'ada ta gaba. Daga nan furojestaron ya karɓi aiki. Shi ne ke ƙara ɗumin jiki kaɗan, abin da bai wuce rabin digiri ba a ma'aunin zafi. Sa'ad da su biyun suka sauka kuma, sai jini ya zo. 'Yan kwanaki kafin nan ne waɗansu ke jin kumburin ciki, da nauyin ƙirji, da saurin fushi, da rashin barci.

Ku riƙe sunan istirojin, za mu komo kansa. Aikinsa bai tsaya ga mahaifa ba, shi ne mai gadin ƙashin mace.

Shin haila tana rage gudu?

Da can Turawa ma sun yi irin tunanin kakanninmu, har sun fi su. A wasannin Olimfik na 1928 a Amsterdam ta ƙasar Holan, an bar mata sun yi gudun mita 800. Jaridu suka ƙara gishiri, suka ce matan sun zube don wahala, sai aka soke wannan gudu ga mata, ba a mayar da shi ba sai 1960 a birnin Rum. Gudun yada ƙanin wani kuwa, mai kilomita 42, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil, ba a yarda mata su yi shi a Olimfik ba sai 1984. Dalilin da a ke bayarwa shi ne wai jikin mace ba zai ɗauka ba, wai haihuwa za ta lalace. Shekaru sun nuna ba haka ba ne.

Ga misali. Paula Radcliffe, mutuniyar Ingila, ta yi wannan gudu mai kilomita 42 a Shikago ta Amurka a 2002, ta gama cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 18, lokacin da babu macen da ta taɓa yin irinsa kafin ran nan. Daga baya ita da bakinta ta faɗa cewa al'adarta ta zo a lokacin, kuma mara na murɗa mata a kashi na ƙarshe na gudun. A farkon 2007 ta haihu, kafin shekarar ta ƙare ta sake cin babban gudu a birnin New York. Saboda haka maganar a ce gudu na zubar da mahaifa, ko na hana haihuwa, ku bar ta. Mahaifa a ɗaure ta ke da jijiyoyi masu ƙarfi a cikin ƙugu, tsalle ba ya tsinka su.

Amma kada mu ruɗe ku, mu ce babu wadda abin ke damu. A Olimfik na 2016 a birnin Rio ta Barazil, wata gwanar iyo 'yar ƙasar Sin mai suna Fu Yuanhui ta fito daga ruwa tana riƙe da ciki, ƙungiyarsu ta zo ta huɗu. Da 'yar jarida ta tambaye ta, sai ta faɗi gaskiya, cewa al'adarta ta zo a daren jiya, jikinta ba ƙarfi. Haka kuma a 2022 a birnin Munik ta Jamus, Dina Asher-Smith ta Ingila ƙafarta ta riƙe ana tsakiyar gudun mita 100, ta ce kwanakinta ne suka jawo, ta kuma roƙi masana su ƙara bincike a kan mata. Bayan 'yan kwanaki ita ce ta zo ta biyu a gudun mita 200.

To, ina gaskiya ta ke? A 2020 waɗansu masana a Ingila suka tattara bincike 78 da aka yi a kan wannan magana, suka auna su wuri guda. Abin da suka samu shi ne, in an haɗa mata da yawa, ƙarfi da gudu su kan ragu a kwanakin farko na jini, amma raguwar 'yar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ba ta isa a kafa wa dukan mata doka guda ba. Shawararsu ita ce a dubi kowace mace ita kaɗai. Mu ma shawararmu ke nan. 'Yan mata biyu uwa ɗaya uba ɗaya, wata ta yi gudunta ba ta ji kome ba, wata ta kwana tana juyi. Kada a ce da ta farko ta zauna don ta biyu, kada kuma a ce ta biyu raki ta ke yi.

Akwai abu guda da ya shafe mu nan fiye da Turai, shi ne zafin rana. A mako biyun nan kafin al'ada, da jiki ke da ƙarin ɗumi, in aka haɗa da zafin bazara mai wuce digiri 40, yarinya ta kan ji wahalar gudu fiye da kullum. Maganinsa a yi wasa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ta sha ruwa kafin ta fara da bayan ta gama. In fitsarinta ya yi ja, ruwan bai isa ba.

Ciwon mara

Domin mahaifa ta saki shimfiɗar nan, sai ta matse kanta, kamar yadda a ke matse tsumma. Wannan matsar ita ke kawo ciwo, wani lokaci har da ciwon baya, da tashin zuciya, da gudawa. Ya fi tsanani a rana ta farko da ta biyu.

Abin mamaki, kwanciya ba ita ce maganinsa ba. Tafiya, da gudu sannu-sannu, da miƙe jiki suna rage shi, kuma 'yammatan da ke motsa jiki kullum sun fi samun sauƙinsa. Ɗumi ma yana taimako ƙwarai: a zuba ruwan zafi a kwalba, a naɗe da zane, a ɗora a mara. Wanka da ruwan ɗumi yana da kyau. Wanka kam ko da ruwan sanyi ne ba ya daskarar da jini a ciki, kamar yadda waɗansu ke faɗi.

In ciwon ya fi haka, akwai ƙwayar ibuprofen, wadda ke rage abin da ke sa mahaifa matsa. Ta fi aiki in an sha da zarar ciwo ko jini ya fara, ba sai ya yi nisa ba. A sha bayan an ci abinci, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, kada su sha, su nemi farasitamol. Kada kuma a sha ta a shiga dogon gudu cikin rana da ƙishirwa, gama tana wahal da ƙoda. Allurar ɗakin kemis da taramol, ku nisanta 'ya'yanku daga gare su. Ƙwayar jinkirta al'ada domin ranar gasa ma, kada wata ƙawa ko wani malamin wasa ya ba ta. Radcliffe ɗin nan ta ce ita da ta gwada irinta, ƙara lalata mata gudu ta yi. Wannan shawara ce ta likita kaɗai.

Ciwon da ke hana yarinya zuwa makaranta kowane wata, ko wanda ke ƙaruwa shekara bayan shekara, ko wanda ƙwaya ba ta taɓa shi, ba na haƙuri ba ne. Akwai cututtukan mahaifa da ke ɓuya a bayansa. A je asibiti, kada a ce sai ta yi aure zai bari.

Ƙarancin jini, ɓarawon da ba a ji shigowarsa

Nan ne za mu daɗe, gama nan yawancin 'yammatanmu ke faɗuwa.

Jinin da ke fita a al'ada guda ba shi da yawa kamar yadda ido ke gani, bai wuce babban cokali biyu ko uku ba. Amma a cikinsa akwai sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke ƙera jan abin nan na cikin jini mai ɗaukar iska daga huhu zuwa tsoka. Ku ɗauka kamar jakunan dako ne masu kai hatsi kasuwa. In jakuna sun yi kaɗan, ko hatsi ya cika rumbu ba zai isa kasuwa ba. Haka yarinya mai ƙarancin jini: tana shaƙar iska, amma iskar ba ta isa ƙafafu. Sai ka ga wadda bara ta ke wuce kowa, bana ta yi rabin fili tana haki. Malami ya ce lalaci ne, uwa ta ce girma ne ya zo. Alhali jini ne ya yi ƙasa.

Abin ya yi yawa a ƙasarmu. A binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018, an samu cikin kowace mace 100 masu shekara 15 zuwa 49, 58 suna da ƙarancin jini. Fiye da rabi ke nan. Mai gudu kuwa ta fi sauran bukata, domin tana ƙara asarar ƙarfen ta gumi da ta wahalar motsa jiki.

Ke uwa, ga abin da za ki duba. Ja fatar idonta ta ƙasa, ki dubi tafin hannunta da harshenta. In sun yi fari fat maimakon ja, alama ce. Sauran alamu su ne gajiya ba dalili, jiri in ta miƙe, bugun zuciya da sauri, ciwon kai, da haki a ɗan hawa. In kin ga tana cin farar ƙasa, ko tana ɓantarar bango, ko tana yawan tauna ƙanƙara, kada ki tsaya ga faɗa, wannan kwaɗayi sau da yawa ƙarancin ƙarfe ke kawo shi. A asibiti ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a auna. Ga macen da ba ta da ciki, in awon ya kasa 12, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarancin jini ne.

Ki kuma tambaye ta yawan jinin, a hankali, ku biyu. In yana wuce kwana 7, ko tana jiƙe ƙunzugu kowace awa ɗaya ko biyu, ko tana tashi cikin dare ta sake, ko gudaji na fita masu girman goro, to ya yi yawa. Yarinya ba ta da abin gwadawa, sai ta zaci kowa haka ya ke. Akwai magani mai rage shi.

Sai abinci. A lissafin likitocin Amurka, yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana bukatar miligiram 15 na ƙarfe a yini, ɗan'uwanta namiji 11. Babbar mace 18, babban namiji 8. Maigida, ka sake karanta wannan. Kai da a ke tsame wa tsoka a miya, bukatarka ba ta kai rabin ta matarka ba. Ba mu ce a hana ka ba, amma ran da aka yanka kaza, hantar ta ɗiyarka ce.

Ƙarfen da jiki ya fi saurin karɓa yana cikin hanta, da nama, da kifi. Fara ma, wadda yara ke so, tana da shi. Wanda bai samu waɗannan kullum ba, akwai wake, da gero, da riɗi, da daddawa, da ganyaye irin su zogale, alayyafo, rama da kuka. Ƙarfen tsiro ba ya shiga jiki da sauƙi sai an haɗa shi da abu irin lemo, gwaiba, mangwaro, ɗanyen tumatir ko garin 'ya'yan kuka. Kwaɗon zogale da tumatir da ƙuli, a matsa lemon tsami, abincin mai gudu ne sosai, ba kuwa ya cin kuɗi. Shayi kuma akasin haka ya ke yi, yana tare ƙarfen. A bar awa guda tsakanin abinci da shayi.

Abinci kaɗai ba ya cika tulu mai yoyo. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana tsotsar jini a hanji, saboda haka ta sa takalmi, ta kuma karɓi maganin tsutsa in an zo rabawa a makaranta. Tsargiya, wadda a ke ɗauka a kududdufi da madatsar ruwa, tana zubar da jini ta fitsari. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, gidan sauro ne maganin wannan. In awo ya nuna jini ya yi ƙasa, za a ba ta ƙwayar ƙarin jini. Ta kan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba kome. A ci gaba da sha har watannin da aka ce su cika, ko da ta ji ƙarfi tun a makon farko. Mai amosanin jini, watau sikila, ita kada a ba ta sai likita ya ce, gama nata ƙarancin jinin dabam ne. A ajiye ƙwayar inda ƙananan yara ba su kai, tana kashe yaro in ya haɗiye da yawa.

In al'ada ta ɗauke

Ga abin da muka ce ya fi haɗari. Yarinya mai wasa sosai, wata rana sai al'ada ta fara jinkiri, sa'an nan ta ɗauke. Ita murna ta ke yi, ta huta da wanki. Waɗansu masu koyar da wasa ma su kan ce alamar ta horu ce. Wannan kuskure ne babba.

Abin da ya faru shi ne, abincin da ta ke ci bai kai aikin da jiki ke yi ba. Gidan da hatsi ya yi ƙasa, a kan fara rage abin da ba dole ba, a bar baƙunci da biki. Jiki ma haka ya ke yi. In ya ga ba ya samun abin da zai ishe shi gudu da girma, sai ƙwaƙwalwa ta dakatar da aikin haihuwa. Ƙwai ya bar fita, istirojin ya faɗi. Mun gaya muku shi ne mai gadin ƙashi. Da ya tafi, ƙashi ya fara zama kamar itacen da gara ta shiga, waje lafiya, ciki rami.

Lokacin kuwa shi ne mafi muni, domin yawancin ƙarfin ƙashin da mace za ta rayu da shi, kafin ta cika shekara 20 ta ke tara shi. Shekarun 'yammatanci su ne kakar ƙashi. Abin da ba a tara a lokacin ba, da wuya a cike gurbinsa duka daga baya. Alamar farko sau da yawa ciwo ne a wuri guda a ƙwauri ko a bayan ƙafa, wanda ke tashi in an yi gudu, ba tare da an faɗi ko an buge ba. Tsagewar ƙashi ce siririya. Wannan ba na mai ɗori ba ne, na hoton asibiti ne da hutu.

Likitocin wasanni na Amurka sun ba wannan cuta suna tun 1992, da suka ga abu uku na tafiya tare: ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi. A 2014 Kwamitin Olimfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin, ya nuna tana taɓa zuciya, da hanji, da ƙarfin jiki na yaƙi da cuta, har maza ma tana kama su. Wata Ba'amurkiya, Mary Cain, tana da shekara 17 ta kai zagayen ƙarshe na gudun mita 1500 a gasar duniya a Mosko a 2013. A 2019 ta fito ta faɗa wa duniya cewa an matsa mata ta rage ƙiba, al'adarta ta ɗauke shekara 3, ƙasusuwanta 5 suka karye. Gudun da a ke so ya ƙaru, raguwa ya yi.

Ita da gangan aka rage mata abinci. A ƙauyukanmu ba sai an yi da gangan ba. Yarinya ta tashi ta ɗebo ruwa, ta tafi makaranta mai nisa da ƙafa ba ta karya ba, ta yi gudu bayan an tashi, ta komo ta tarar da surfe. Ko tana makarantar kwana, abincin bai isa ba, guzuri ya ƙare tun tsakiyar zango. Ko tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, ga aikin gona. Duk hanya ɗaya su ke bi. Da azumi kuma a sassauta wasa, a mai da shi bayan shan ruwa, ta yi sahur sosai.

Yanzu ga roƙonmu gare ku, iyaye. Mun san abin da ke fara zuwa zuciya in budurwa ta yi ɓatan wata. Ita ma ta sani, shi ya sa ta ke ɓoyewa, wata shida, shekara, ƙashi na ci gaba da lalacewa. Kada ku fara da zargi, kada ku fara da duka. Yunwa na ɗauke al'ada, wahala na ɗauke ta, damuwa da doguwar jinya na ɗauke ta, akwai kuma cututtukan maƙoshi da na ma'ajin ƙwai masu yin haka. Ƙa'idar ita ce, wadda ta riga ta fara, in ta yi wata 3 ba ta gani ba, a kai ta asibiti, awo ne zai faɗi dalili.

In rashin abinci ne, maganin ba ya cikin kwalba. A ƙara mata abinci, a rage mata gudu, har al'ada ta komo da kanta, abin da kan ɗauki watanni. Ta karya kumallo kowace safiya, ko da koko da ƙosai ne ko ɗumame. Ta tafi da gyaɗa, ko ƙuli, ko dafaffen dankali, ta ci da zarar an gama wasa. Fura da nono na da kyau ƙwarai, gama nono na gina ƙashi, haka miyar kuka da ƙananan kifi da a ke ci da ƙayarsu. Ƙwayar da ke sa jini ya zubo kowane wata ba ta gyara wannan matsala, rufe ta kawai ta ke yi.

Littafi da jaka

A 2019 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Amurka, wadda ta ci kofin duniya a Faransa, tana rubuta kwanakin kowace 'yar wasa, a gyara mata abinci da barci bisa ga abin da aka gani. Ɗiyarku ba ta bukatar kome don yin haka sai ƙaramin littafi da fensir. Ta rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, ko da lissafin watan sama ko da kalanda, ta sa alama ran da ta ji ciwo, da ran da gudu ya yi mata nauyi ko daɗi. Cikin wata uku za ta san jikinta. Ran da ta san na wuya ne, ta sassauta, ba ta bari gaba ɗaya ba. In gasa ta faɗo a ranar, ta riga ta san abin da za ta shirya.

Da yawa ba ciwo ke hana su fita fili ba, tsoron tabo ne a gaban jama'a. Har a gasar tanis ta Wimbildon a Ingila, inda doka ta ce sai fararen kaya, an sassauta a 2023, aka yarda mata su sa gajeren wando mai duhu daga ciki. Ku ɗinka mata dogon wando baƙi ko shuɗi mai duhu, da riga mai sauka ƙasa. A jakarta a sa audugar mata ko ƙunzugu biyu, da ɗan sabulu, da leda. Ta sake kafin wasa da bayan wasa, a sauran yini kuma kada ya wuce awa 6 a jikinta. Ƙunzugun tsumma a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Wanda aka ɓoye ƙarƙashin gado da danshi shi ke kawo ƙaiƙayi.

Ke uwa, ki nemi malama mace guda a makarantar wadda yarinya za ta iya gaya wa, don kada ta tsaya yi wa malami namiji bayani a gaban aji. Ran da za ku asibiti kuma ku tafi da littafin nan, gama tambayar farko da ma'aikaciyar lafiya za ta yi ita ce yaushe ta ga jini na ƙarshe, kuma kwana nawa ya yi.